Taura Biyu a Baki Ɗaya: Yadda 'Yan Wasan Ostareliya Suka Daina Haɗa Kurket da Futi

A birnin Melbourne na ƙasar Ostareliya akwai wani filin wasa mai cin mutum 100,000, ana ce masa MCG. A ƙarshen watan Satumba yakan cika maƙil da masu kallon wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafar Ostareliya, wadda mutanen can ke kira futi. Bayan wata uku, ranar 26 ga Disamba, kashegarin Kirsimeti, sai filin nan ya sake cika, amma da masu kallon kurket. Har gobe haka ake yi. Abin da ya gushe shi ne zamanin da wasannin biyu ke raba 'yan wasa kamar yadda suke raba fili, zamanin da mutum ɗaya zai ci ƙwallaye a babbar gasar futi a watan Yuli, a watan Janairu kuma ya sa fararen kaya ya wakilci ƙasarsa a kurket.

Mutumin ƙarshe da ya buga babbar gasar futi ta maza ya kuma buga wa ƙasa wasan kurket na kwana biyar, wanda ake kira Tes, shi ne Simon O'Donnell, kuma rabonsa da futi tun 1983. Tambayar ita ce me ya sa. Amsar da dattawan 'yan kallo suka fi so ita ce mazan jiya sun ƙare. Ni ban yarda ba. A ganina abin da ya samar da waɗancan mutanen shi ne kalanda da fili da rashin kuɗi a cikin wasa, kuma da waɗannan ukun suka canza, sai irin mutanen suka ɓace.

Wanda bai taɓa kallon futi ba, kada sunan ya ruɗe shi. Kowane ɓangare mutum 18 ne, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai ce. Ana harba ta da ƙafa, ana naushinta da hannu zuwa ga abokin wasa, ana gudu da ita muddin ana buga ta da ƙasa duk bayan mita 15, ana kuma rungumo mai riƙe da ita a kayar da shi. Babu raga babu mai tsaron gida. Sanduna huɗu ne a kowane gefe, in ka harba ta tsakanin dogayen biyu na tsakiya maki 6, in ta bi ta gefe maki 1. Abin da ya fi burge 'yan kallo shi ne mutum ya yi tsalle, wani lokaci har ya taka kafaɗar abokin hamayya, ya cafke ƙwallo a sama. Kurket kuwa wasan haƙuri ne: mutum 11 a kowane ɓangare, mai jifa ya jefo ƙwallo mai tauri, mai sanda ya kare sandunan da ke bayansa ya kuma doke ta don tara maki. In ƙwallon ta doki sandunan, ko aka cafke ta a sama bayan ya doke ta, an fitar da shi ke nan, wani ya shigo. Ɗaya kokawa da gudu, ɗaya jira da lissafi. A ido, babu abin da ya haɗa su.

Amma cikin kurket ne aka haifi futi. Ranar 10 ga Yulin 1858 wata jaridar wasanni ta Melbourne ta buga wasiƙar wani matashi mai suna Tom Wills, wanda ya yi karatu a makarantar Rugby a Ingila, kuma a lokacin babu ɗan kurket kamarsa a yankin Victoria, inda Melbourne take. Damuwarsa ita ce 'yan kurket suna zaman banza a lokacin sanyi, jikinsu na mutuwa, su dawo da teɓa. Ya ba da shawarar a kafa kulob ɗin ƙwallon ƙafa, in ba haka ba ko na harbin bindiga. A watan Mayun 1859 shi da wasu mutum uku, dukkansu 'yan kulob ɗin kurket na Melbourne, suka zauna a wani otal suka rubuta dokoki goma. Wannan ya riga dokokin ƙwallon ƙafar Ingila, wadda mu muka sani, da shekara huɗu. Masana tarihi suna jayayya kan ko wani wasan 'yan asalin ƙasar mai suna Marn Grook ya yi tasiri a kan Wills, tunda a cikinsu ya taso. Ba a gama wannan muhawarar ba. Abin da babu jayayya a kai shi ne waɗanda suka rubuta dokokin 'yan kurket ne, kuma lokacin da kurket ba ya buƙata suka ba sabon wasan.

Sai a tuna cewa yanayin Ostareliya a juye yake. Zafinsu daga Disamba zuwa Fabrairu ne, sanyi da ruwa kuma daga Yuni zuwa Agusta. Kurket ba ya yiwuwa a cikin ruwa da taɓo, saboda haka ya riƙe Oktoba zuwa Maris. Futi ya ɗauki Afrilu zuwa Satumba. Kamar manomin da ke gona da damina ya koma saƙa ko fatauci da rani, ba wanda ke ganin ya yi abin mamaki. Shekarar ce ta rabu biyu, shi kuma ya bi ta.

Fili ma haka. Da farko masu kula da filayen kurket ba sa barin 'yan futi su taka musu ciyawa, sai dai su yi wasansu a dandalin da ke gefe, tsakanin itatuwa. Da suka ga jama'ar da futi ke tarawa da kuɗin ƙofa, sai suka buɗe musu. Daga nan filin futi ya ɗauki siffar kewayayyen filin kurket, kuma shi ya sa yake da faɗin da ya ninka na ƙwallon ƙafar da muka saba. A unguwannin Melbourne irin su Fitzroy da Richmond da St Kilda da South Melbourne, kulob ɗin kurket ne mai gida, na futi ɗan haya. Ɗakin canza kaya ɗaya, shugabanni sau da yawa su ne dai, yaron unguwa kuma yana girma a kan ciyawa ɗaya duk shekara.

Na uku shi ne kuɗi, ko a ce rashinsu. A 1930 hukumar babbar gasar futi ta Victoria, VFL, wadda ta fara a 1897 kuma ita ce ta zama AFL a 1990, ta kafa dokar da ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 3 a kowane wasa. Ana karya dokar a ɓoye, amma duk da haka ba wanda ke ci da iyalinsa da futi kaɗai. Kurket ma ɗan alawus ne. 'Yan wasa malaman makaranta ne, akawu, 'yan sanda, 'yan kasuwa. Atisaye yamma biyu ne a mako bayan an tashi aiki, wasa ranar Asabar. Wanda bai biya ka kuɗin shekara ba, ba shi da bakin cewa ga abin da za ka yi da rabin shekarar da ba tasa ba.

A cikin wannan yanayin ne aka sami mutanen da ake ba da labarinsu. Jack Worrall ya buga Tes 11, ya yi kyaftin ɗin Fitzroy a futi, daga baya ya zama koci, ya ci wa Carlton kofi uku a jere daga 1906 zuwa 1908, ya ƙara biyu da Essendon. Warwick Armstrong, ƙaton nan da ya jagoranci Ostareliya ta lallasa Ingila 5 da 0 a kakar 1920 zuwa 1921, yana saurayi ya buga wa South Melbourne wasan ƙarshe na 1899, aka cinye su da maki ɗaya tak. Vic Richardson na Adelaide ya yi kyaftin ɗin kulob ɗin Sturt a futi, ya yi kyaftin ɗin ƙasa a kurket a rangadin Afirka ta Kudu na 1935 zuwa 1936. Jikokinsa Ian da Greg Chappell su ma duk sun riƙe kyaftin ɗin ƙasa. Akwai kuma likita Roy Park, wanda ƙaddara ta yi wa wasa sau biyu. A 1913 ya ci ƙwallo 53 a kulob ɗin jami'ar Melbourne, kulob ɗin da bai ci wasa ko ɗaya ba a shekarar. Da aka kira shi Tes sau ɗaya a rayuwarsa, jifan farko da aka yi masa ya fitar da shi, kuma ba a sake kiransa ba.

Wanda ya fi jan hankalina a cikinsu shi ne Laurie Nash, domin labarinsa ya nuna cewa wasannin biyu, duk da kusancinsu, ba gida ɗaya ba ne. Nash ɗan talakawa ne, mahaifinsa tsohon kyaftin ɗin kulob ɗin futi na Collingwood ne. A futi ba a jayayya da shi: ya ci kofi da South Melbourne a 1933, a 1934 kuma ya zura ƙwallo 18 shi kaɗai a wasan da Victoria ta yi da Kudancin Ostareliya. A kurket mai jifa ne mai tsananin gudu. A Tes ɗinsa na farko a 1932 ya fitar da mutum 4 ya ba da maki 18 kacal, aka kakkaɓe Afirka ta Kudu gaba ɗaya da maki 36. Duk da haka sai da aka yi shekara biyar kafin a sake kiransa, a 1937, kuma daga nan aka rufe masa ƙofa. Tes biyu, mutum 10 ya fitar. A tsakanin nan ne Ingila ta zo da salon jifan jiki da ya kusa ɓata zumuncin ƙasashen biyu, mutane da yawa suna ta kiran a sako Nash ya rama, hukumar kurket ta ƙi. Masu bibiyar tarihinsa da dama suna ganin bakinsa da zafin jifansa ne ba su yi wa manyan kurket daɗi ba. Shi mutum ne mai faɗin cewa babu kamarsa, kuma a futi wannan ado ne, a kurket na wancan zamani kuwa rashin kunya ne. Kurket na masu kwat ne da ke duban London, futi na ma'aikatan masana'anta da 'yan tashar jirgin ruwa. Mai haɗa su biyu dole ya iya zama da mutane iri biyu.

Keith Miller ya iya. Shi ne sunan da kowa ke fara ambata: wasa 50 a St Kilda tsakanin 1940 da 1946, matuƙin jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan Tes 55 da maki 2,958 da mutum 170 da ya fitar. Abokinsa Sam Loxton ma ɗan St Kilda ne, kuma tare suka je rangadin Ingila na 1948 ƙarƙashin Don Bradman, wanda aka gama ba a cinye su ko sau ɗaya ba. Loxton daga baya ya zama ɗan majalisar Victoria. Gil Langley, mai kamun ƙwallo a bayan sanduna, wanda ya yi futi a Sturt da Essendon, shi har kakakin majalisar Kudancin Ostareliya ya zama.

To amma a nan ya kamata a ɗan rage wa labarin gishiri. In aka duba shekarun da kyau, za a ga cewa ko a wancan zamani da wuya a sami wanda ya riƙe ƙololuwar wasannin biyu a lokaci guda na tsawon shekaru. Miller da Loxton duk sun bar babbar gasar futi a 1946, daidai lokacin da tauraronsu ke tashi a kurket. Dalili a fili yake: rangadin Ingila a jirgin ruwa ake tafiya, a bar gida wajen Maris ko Afrilu a dawo Oktoba, wato kakar futi sukutum ta tafi. Abin da ya yawaita shi ne haɗa futi da kurket na matakin jihohi, gasar Sheffield Shield, inda ba a barin ƙasa. Da zarar ƙasa ta kira mutum, zaɓi ya zo. Bambancin jiya da yau shi ne a jiya zaɓin kan zo ne mutum yana da shekara 25 ko fiye, ya riga ya nuna abin da zai iya a duka biyun.

Max Walker misali ne mai kyau. Ya baro tsibirin Tasmania zuwa Melbourne don futi da karatun zanen gine-gine, ya buga wasa 85 daga 1967 zuwa 1972. A ƙarshen 1972 aka kira shi Tes, a farkon 1973 aka tafi da shi tsibiran Karebiyan, ya fitar da mutum 26 a rangadin, bai sake komawa futi ba. O'Donnell kuwa wasa 24 ya yi wa St Kilda a 1982 da 1983 kafin ya zaɓi kurket, ya ci kofin duniya a Indiya a 1987. Daga ɗaya ɓangaren akwai Craig Bradley, wanda ya taɓa kurket na jihohi amma ya tsaya a futi, ya buga wa Carlton wasa 375.

Abin da ya faru tsakanin Walker da O'Donnell shi ne shigowar talabijin da kuɗinta. A 1977 attajirin nan Kerry Packer, da hukumar kurket ta hana tasharsa izinin nuna wasanni, ya saye manyan 'yan wasan duniya a asirce ya kafa tasa gasar. Hukumar ta hana shi filayen kurket. Ina ya nufa? Filin Waverley, wanda hukumar futi ta gina ta buɗe a 1970 don ta huta da zaman haya a hannun masu kurket. Da yake filin futi ba shi da zirin ƙasar nan mai tauri da ake jifa a kansa, sai aka rena shi a cikin manyan farantan kankare a wani wuri, aka ɗauko da ƙugiya aka dasa a tsakiyar fili. Wannan dabarar da aka yi don dole ita ce yau ake amfani da ita a MCG da Adelaide da sabon filin Perth: in kakar kurket ta ƙare a ciccibe zirin a fitar, don kada ya dami 'yan futi. Ɗan haya ya zama shi ake gyara wa gida. Ba abin mamaki ba ne in aka duba lissafi, domin kwantiragin nuna wasannin AFL na 2025 zuwa 2031 ya kai dalar Ostareliya biliyan 4.5.

Da kuɗi suka shigo, sai kowane wasa ya sayi shekarar ɗan wasansa gaba ɗaya. Kulob ɗin futi yanzu yana fara atisayen share fage tun Nuwamba, tsakiyar kakar kurket. Ɗan kurket na ƙasa kuma ba shi da lokacin sanyi kwata-kwata, in ba ya Ingila yana Indiya. Jikin ma ya rabu. Ɗan tsakiya a futi yana gudun kilomita goma sha wani abu a wasa ɗaya, ana gina masa ƙirji da kafaɗa don karo. Mai jifa da gudu a kurket kuwa ƙirga masa jifa ake yi ɗaya bayan ɗaya don kada ƙashin bayansa ya tsage. Babu kocin da zai ba da aron ɗan wasan da aka kashe wa wannan ɗawainiya a je a karya masa yatsa a wani wasan.

Sannan tun 1986 futi ke da tsarin zaɓen sababbin 'yan wasa na ƙasa baki ɗaya, inda kulob-kulob ke ɗibar yara masu shekara 18 bi da bi. Wannan ne ya jawo ranar zaɓi daga shekara 25 zuwa 17. Kuma in yaro ya zauna da iyayensa suka yi lissafi, futi ne ke rinjaye. Kulob 18, kowanne da 'yan wasa sama da 40, wato guraben aiki kusan 800, matsakaicin albashi ya haura dalar Ostareliya 400,000 a shekara. Kurket jihohi shida ne, kuma waɗanda hukumar ƙasa ke ba babban kwantiragi ba su wuce mutum ashirin da 'yan kai ba. Gaskiya ne wanda ya kai ƙololuwa a kurket ya fi kowane ɗan futi samu: a gwanjon gasar IPL ta Indiya na Disambar 2023 an sayi Mitchell Starc a kan kusan dalar Amurka miliyan 3 don wasan wata biyu, kuɗin da babu ɗan futin da ke samu a shekara. Futi ba a yin sa da gaske a ko'ina sai Ostareliya, ko a can ma Sydney da Brisbane sun fi karkata ga rugbi. Amma uba mai hankali ƙofa mai faɗi yake duba wa ɗansa.

Shi ya sa a yau kurket kan ci gajiyar waɗanda futi ya yar. Shane Warne, wanda ya fitar da mutum 708 a Tes, burinsa na yarinta futi ne. Ya buga wa matasan St Kilda, ya taɓa rukuni na biyu sau ɗaya a 1988, aka sallame shi. Lamba 23 da ya riƙa sawa a kurket ma ta gwaninsa ce na futi, Dermott Brereton. Alex Carey ya yi kyaftin ɗin matasan sabon kulob ɗin yammacin Sydney a 2010, da kulob ɗin zai shiga AFL a 2012 aka ce ba a buƙatarsa. Ya koma Adelaide ya ɗauki safar hannu, a Disambar 2021 ya zama mai kamun ƙwallo na ƙasa a Tes. Alex Keath ya bi hanyar a juye: ya ƙi tayin kulob ɗin futi na Gold Coast ya zaɓi kurket na Victoria, abin bai yi ba, ya dawo futi ya fara buga wa Adelaide a 2017. Baiwar tana nan ke nan. Damar gwada ta a wuri biyu lokaci guda ce babu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga wasan mata, domin a can an maimaita tarihin shekara ɗari a cikin shekara biyar, a gaban idon kowa. Da aka fara gasar futi ta mata a 2017, kulob takwas ne, kakar kuma 'yan makonni ce a Fabrairu da Maris, kuɗin kaɗan. Gasar kurket ta mata, wadda aka fara a 2015, tana ƙarewa a Janairu. Kalanda ta rabu biyu, ba wanda ya sayi shekarar kowa, nan da nan sai ga masu haɗa biyu sun ɓullo. Jess Duffin, wadda aka zaɓa gwarzuwar wasan ƙarshe na kofin duniya na kurket a 2013 bayan ta ci maki 75, ta sa rigar Collingwood, daga baya ta North Melbourne, tana kuma buga wa Melbourne Renegades kurket. Emma Kearney, wadda ta zama gwarzuwar gasar futi a 2018, ta buga wa Melbourne Stars kurket. Sai aka mayar da gasar kurket ta mata Oktoba da Nuwamba a 2019, a 2022 kuma futi na mata ya koma farawa a Agusta yana ƙarewa a Nuwamba, da kulob 18 da ƙarin albashi. Kakar biyu suka hau kan juna, 'yan mata suka fara fuskantar tambayar da 'yan'uwansu maza ke fuskanta.

Inda za a sa ido nan gaba shi ne Tasmania. Ƙaramin tsibiri ne mai mutum sama da rabin miliyan, amma ya ba kurket David Boon da Ricky Ponting, kuma shi kansa Ponting ɗan futi ne har sai da ya karya hannu yana da shekara 13. Duk tsawon tarihi yaron Tasmania mai son babbar gasar futi sai ya ƙetare teku, alhali kurket yana da ƙungiyar jiha a ƙofar gidansa. An ba tsibirin lasisin kulob na 19 a AFL, wanda aka tsara zai fara wasa a 2028, da guraben aiki sama da 40 a gida.